Batirin ɗaki a tsohuwar motar kwana: na dalma ko na litiyam?

Motocin kwana, wato bas ɗin da ake sa wa gado da murhu da firji a tafi doguwar tafiya da iyali, idan suka tsufa sukan faɗa hannun mutanen da suka iya riƙe sifana da kansu. Akwai Volkswagen T3 da aka ƙera a Turai daga 1979 zuwa 1992, wadda kamfanin Westfalia ya yi wa kayan ciki. Akwai Fiat Ducato da ta fara fitowa a 1981. Akwai kuma Toyota Hiace ta shekarun 1990, wadda duk mai shiga tasha a Kano ko Maraɗi ya san ta. Injinan waɗannan motoci ba su da wuyar sha'ani. Abin da ke fara ba sabon mai mota ciwon kai shi ne wutar ɗaki, batir na biyu da ke riƙe firji da fitilu da fanka bayan an kashe inji.

Shawarata ita ce kada ka sayi batir shi kaɗai. Batir da hanyar cajinsa tare ake zaɓensu, kuma da yawa daga cikin baturan da ke mutuwa cikin shekara guda rashin cikakken caji ne ya kashe su.

Fara da lissafin abin da za ka sha a rana. Ƙaramin firji mai kwamfuresa a lokacin zafi yakan ci kusan 40Ah a yini da kwana (Ah ma'aunin yawan wuta ne: jan amfiya 1 na awa ɗaya shi ne 1Ah). Fanka mai jan amfiya 1 na awa takwas, 8Ah ke nan. Fitilun LED da cajin wayoyi da kwamfuta su haɗa wajen 15Ah. Ka ga an ɗan haura 60Ah. Riƙe wannan adadi, da shi za ka auna duk abin da mai shago zai nuna maka.

Iri biyu za mu cire tun yanzu. Batirin tayar da mota an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na ɗan daƙiƙoƙi. Idan kana zuƙe shi kullum da daddare, ba zai kai ka ko'ina ba. Na biyu shi ne dogon batirin inbata mai ruwa da aka saba gani a gidajenmu. A gida yana da amfani sosai, amma mai 200Ah yakan kai kilo 60, yana son a riƙa ƙara masa ruwa, yana fitar da iskar da ke iya kama wuta lokacin caji, kuma ruwansa na fantsama idan mota ta hau gargada. Ba abin da za a kwana da shi a rufaffen ɗaki ba ne.

Saura AGM da litiyam.

AGM batirin dalma ne rufaffe, ba ya zubar da ruwa, ana samunsa kusan ko'ina, kuma duk rewaya ya san yadda ake haɗa shi. Sai dai rubutun da ke jikinsa rabi za ka ɗauka. Idan an rubuta 100Ah, 50Ah ne naka, domin sauke shi ƙasa da rabi a kai a kai yana rage masa kwana ƙwarai. Ke nan mai buƙatar 60Ah a rana guda biyu zai saya, kowanne kilo 25 zuwa 30. A motar da sifirin ɗinta ya shekara talatin yana ɗaukar kaya, wannan nauyi abin dubawa ne. Zafi ma abokin gabarsa ne: masu ƙera shi sukan ce duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba tsawon rayuwarsa biyu. Wanda zai yi amfani da motar a watan Afrilu a ƙasar Hausa ya san abin da wannan ke nufi.

Litiyam ɗin da ake nufi a nan shi ne mai rubutun LiFePO4 da 12.8V, ƙwayoyi huɗu masu 3.2V a haɗe. Mai 100Ah nauyinsa kilo 11 zuwa 13 ne, za ka iya shan 80Ah ko fiye ba tare da ka cutar da shi ba, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai inda na dalma ke tsayawa a ɗaruruwa. Wani abin da ba a cika faɗa ba ya fi burge ni: bai damu da a bar shi rabi-rabi ba. Na dalma idan bai cika tam a kai a kai ba sai farantansa su daskare, ƙarfinsa ya tafi ba dawowa, kuma kashi 20 na ƙarshe na cajinsa awanni yake ɗauka, abin da gajeriyar tafiya ba ta bayarwa. Litiyam yana da nasa sharuɗɗan. Ba a cajinsa idan sanyi ya kai digiri sifili, don haka 'yan'uwanmu mazauna Jamus ko Ingila su nemi mai abin ɗumama kansa a ciki. Yawanci kuma digiri 45 ne iyakar zafin cajinsa, kuma motar da aka rufe a rana tana wuce haka, sai allon kariyar da ke cikinsa ya yanke wuta. Ka sama masa wuri a ƙasa, cikin inuwa, nesa da inji.

Kuɗin litiyam ya fi na AGM a ranar saye, kuma a nan ne jabu ke shigowa. Ana haɗa tsofaffin ƙwayoyin batirin kwamfuta a akwati a kira shi litiyam. Wannan wani iri ne dabam, kuma shi ne mai saurin kamawa da wuta. Ɗaga shi ka ji. Idan an ce 100Ah ne amma nauyinsa bai wuce kilo 6 ba, ajiye masa kayansa. Arha ba ta ado.

Yanzu ga inda maganar take, wato caji daga inji. Tsohuwar hanya ita ce rile: da zarar inji ya tashi sai ya haɗa baturan biyu, idan an kashe ya raba su don kada firji ya shanye batirin tayarwa. Yana da arha, ana ɗaura shi cikin awa guda, kuma a tsofaffin motoci yana aiki lafiya domin altanetarsu, wato na'urar da ke cajin batir daga inji, ba ta da kwamfutar da ke rage wuta kamar ta sababbi. Matsalarsa ita ce ba ya ƙara wa wutar ƙarfi ko kaɗan. Tsohuwar altaneta takan tsaya wajen 13.8V zuwa 14V, AGM kuwa yana son kusan 14.4V kafin ya ƙoshi, sannan doguwar waya ta ci nata rabon, musamman a T3 da injinta ke baya, batirin ɗaki kuma yana ƙarƙashin kujerar gaba. Haka batir zai yi ta zama da yunwa.

Da litiyam kuwa rile hatsari ne. Idan litiyam ya sauka, yana jan duk wutar da aka ba shi ba ƙaƙƙautawa. Altanetar T3 da yawa amfiya 65 ce, wasu 90, kuma a silo fankarta ba ta juyawa da saurin da zai sanyaya ta. Za ta iya ƙonewa kana tsaye a go-sulo. Maganin wannan shi ne cajar DC-DC, ƙaramin akwati da ke shiga tsakanin baturan biyu, ya ƙayyade yawan wutar da ake ja, ya kuma ɗaga ta zuwa daidai abin da batirin ke so. Victron na ƙasar Holan suna yin mai amfiya 18 da mai 30, CTEK da Renogy ma suna da nasu. A kan altaneta mai 65 ni mai 18 ko 20 zan sa, in bar wa fitilun mota da fankar lagireto nasu kason.

Sola taimako ce mai kyau. Faranti mai wat 100 yakan ba da wajen 30Ah a rana mai haske, idan ana goge masa ƙura. Mai taurin nan na gilashi ya fi daɗewa saboda iska na bi ta ƙarƙashinsa; mai lanƙwasa da ake mannawa a rufi ya fi sauƙin nauyi, ya dace da rufin Westfalia mai ɗagawa, amma zafi na gama da shi da wuri.

Idan motarka har yanzu tana da asalin firjinta mai aiki da gas da lantarki, kada ka lissafa shi a kan batirin ɗaki. A 12V yana jan amfiya 7 zuwa 8 ba hutawa, zai cinye rabon AGM mai 100Ah kafin asuba. An yi layin 12V ɗin ne don lokacin da mota ke tafiya kawai.

Wa zai sayi wanne? Mai fita kwana ɗaya ko biyu a wata, ba firji sai akwatin kula mai ƙanƙara, AGM ɗaya da rile sun ishe shi, muddin zai cika batirin da cajar gida bayan kowace tafiya. Mai firji, mai yada zango kwana uku a wuri ɗaya, ya tara kuɗi ya sayi litiyam 100Ah da DC-DC a lokaci guda. Idan kuɗin bai kai duka biyun ba, ya fara da DC-DC da AGM, domin cajar za ta ci gaba da aiki ranar da ya sauya batir.

Kafin ka biya ko sisi, auna ramin da batir zai zauna da awo, har da tsayin kawunansa, don kada su taɓa ƙarfen kujera. Tayar da inji, kunna fitilu, ka sa mita ka ga abin da ke isowa wurin. Waya kuma ka kankare bakinta a shago: idan cikinta fari ne, alminiyam ce aka yi wa rufin jan ƙarfe, ka nemi ta gaskiya mai kauri 16mm² idan tazarar ta kai mita huɗu ko biyar. A sa fis a kan kowane batir, kusa da kansa da bai wuce taƙi ɗaya ba, sannan duk inda waya za ta ratsa bodi a sa mata roba a bakin ramin.