Dashen gashi: yanka ko tsinta, wanne ya dace da kanka?

Hula ta daɗe tana rufa wa mazan Kaduna asiri. Amma yanzu hotunan asibitocin Turkiyya sun cika wayoyinmu, ga mutum da sanƙo tal, bayan shekara ga shi da suma. Kafin ka sayar da fili ka nufi Istanbul, ko Abuja ko Legas, ka san abin da za ka saya.

Likita ba ya ƙirƙirar gashi, naka yake ɗebowa daga ƙeya ya dasa a gaba. Sanƙon gado yana zuwa ne saboda wani sinadarin jikin namiji, DHT, da ke ƙanƙantar da saiwar gashin goshi da tsakar ka, ita kuwa saiwar ƙeya ba ta cika jin sa ba. Norman Orentreich, wani likitan fata a Amurka, ya wallafa a 1959 cewa saiwar tana riƙe halinta ko an sauya mata wuri. Ƙeyarka ke nan rumbu, abin da aka ɗiba ba ya sake tsirowa a can.

Hanyar farko ita ce FUT, wato yanka. A yanko siririyar fata daga ƙeya, a ɗinke wurin, a rarraba fatar ƙarƙashin madubin likita zuwa ƙananan dashe, kowanne da gashi 1 zuwa 4. Ana samun dashe mai yawa a zama ɗaya, kuma tunda ido na ganin saiwar, ɓarna kaɗan ce. Matsalarta tabo: layi ne a miƙe a bayan kai. Mai barin suma zai ɓoye shi. To amma mu nawa ne ke barin suma? Yawancinmu duk Juma'a muna wajen mai aski, wasu ma ƙwal-kwabo. A irin wannan kai, layin nan daga sahun baya a masallaci za a hango shi.

Ta biyu FUE, tsinta ɗaya bayan ɗaya, wadda William Rassman da Robert Bernstein suka bayyana a 2002. Da wani ɗan ƙarfe mai rami, faɗinsa kusan milimita 1, ake zaro kowace saiwa. Babu ɗinki, ana saurin warkewa, tabon kuma ɗigo-ɗigo ne. Kada wani ya ce maka babu tabo sam, akwai, warwatse yake kawai. A nan ne gashinmu ke da nasa hali. Murɗewar da kake gani a waje tana ci gaba har cikin fata, saiwar a lanƙwashe take kamar ƙugiya, ƙarfen kuwa a miƙe yake shiga. Hannun da ya saba da gashin Turawa ko Larabawa yana iya tsinke saiwoyi da yawa, ka biya kuɗinsu, rumbunka kuma ya ragu a banza. Sai dai murɗewar tana da rana: gashi kaɗan kan rufe fili fiye da miƙaƙƙe.

DHI da ake ta tallatawa FUE ce, sai dai da wani alƙalami ake cusa dashen. Sunan bai isa a ninka maka kuɗi ba.

A ganina mai aski ƙasa-ƙasa ya ɗauki FUE, amma a hannun wanda zai nuna masa hotunan baƙaƙen fata da ya yi wa aiki, gaba da ƙeya. Ka tambaya wa zai riƙe ƙarfen, likitan ko yaransa. In a Najeriya ne, ka tabbatar yana da rajista da MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista. Wanda jikinsa ke yin tabo mai tudu bayan rauni ko shaushawa, ko yake fama da ƙurajen ƙeya bayan aski, ya faɗa tun farko, domin yanka na iya zame masa masifa, tsintar ma sai an gwada kaɗan an gani.

Mata kuma, cinyewar gaban goshi sau da yawa daga matsattsen kitso take. In saiwa ba ta mutu ba, sassauta kitson kan dawo da gashin. Shi ya sa ya fi kyau a fara ganin likitan fata, a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, a gano musabbabin.

Aikin kan ci kusan yini, da allurar kashe zafi. Gashin da aka dasa yakan zube cikin makonnin farko, ya fara tsirowa bayan wata 3 zuwa 4, cikar sa sai kusan shekara. Tsohon gashin da ke kewaye zai ci gaba da zuba, don haka likitoci kan haɗa da maganin rage zubar gashi, minoxidil ko finasteride. Ka kuma tambayi likita yadda za ka yi da shafar kai a alwala da sujada a kwanakin farko, da ranar da za ka koma sa hula. In da bikin da kake hari, ka ƙirga watanninka tun yanzu.