Tabarma, leda, kafet ko tayil: wanne ya dace da ƙasan ɗakinku?

Yawancin masu zuwa kasuwa sayen shimfiɗar ɗaki, iyayen amarya ne ko magidancin da ya kama sabon haya, da launi da zane suke farawa. Alhali ƙasan ɗakin ne ya kamata a fara tambaya. Busasshe ne ko yana tsattsafo da damina? Simintin lafiyayye ne ko ya fara farfashewa? Gidan naku ne ko na haya? Sannan su wa za su zauna a ɗakin, manya kaɗai ko har da yara masu rarrafe? Amsar waɗannan ita ce ke rage zaɓi daga huɗu zuwa ɗaya ko biyu tun kafin a taka ƙofar shago.

Gwajin danshi ba ya cin kuɗi. A sami leda mai kauri, rabin mita kowane gefe, a shimfiɗa a kan simintin kusa da bangon da ke kallon waje, a liƙe gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba, a bar ta kwana biyu. Idan aka ɗaga aka ga raɓa a jikinta, ko simintin wurin ya yi duhu fiye da sauran, to ruwa na tasowa daga ƙasa. A watan Agusta gwajin ya fi faɗin gaskiya, don da rani kowane ɗaki busasshe ne. Wanda ya kama ɗaki da rani sai ya duba gindin bango: fenti mai ɓamɓarewa da farin gari kamar kanwa alama ce ta cewa ɗakin na shan ruwa. Irin wannan ɗaki ba na leda ba ne, ba kuma na kafet mai rufe ko'ina ba. Sabon siminti kuwa a ba shi aƙalla kwana 28 kafin a rufe shi da komai, in damina ce ma a ƙara.

Leda

Ita ce aka fi saya, domin araha da saurin shimfiɗa, kuma ita ce aka fi yin da-na-sani a kanta. Iri biyu za a tarar a kasuwa. Akwai siririya wadda zanenta ɗan fenti ne a sama, wata shida zuwa shekara hanyar da ake bi daga ƙofa zuwa gado ta goge. Akwai mai kauri wadda bayanta ke da laushi, tana shanye ƙananan ramukan siminti kuma ba ta saurin yagewa. A shago a lanƙwasa gefen ledar sosai a sake: in wurin ya yi fari ko ya bar tsaga, ba za ta jure ƙafar kujera ba. A kuma kankare zanen da farce a ɗan lungu a gani ko yana tashi. Araha ba ta ado, a nan kam maganar ta zauna daidai.

Da yadi ake sayar da ita, faɗin bandir kuma yakan kai mita biyu ko ƙasa da haka kaɗan. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo da ƙafa 12 faɗi yana cin falle biyu, kowane falle yadi huɗu, jimilla yadi takwas. A ƙara rabin yadi saboda bangon da bai miƙe ba, in zanen manya-manyan fulawa ne a ƙara yadi guda domin a daidaita su a wurin haɗi. Kada a yarda a haɗo falle ɗaya daga wannan bandir, ɗaya daga wancan. Launin yakan bambanta kaɗan, sai an shimfiɗa ake gani.

Abin da ke kashe leda daga ƙasa yake zuwa. Tsakuwa ɗaya da aka bari ƙarƙashinta za ta huda ta cikin mako. Don haka a cike ramuka da siminti, a bari ya bushe, a share ɗakin sau biyu, a goge da busasshen tsumma. A bar ledar ta kwana a shimfiɗe ta saki jiki kafin a yanke gefe ko a sa gam. Wurin haɗi a kai shi ƙarƙashin gado ko kujeru, kada ya faɗo bakin ƙofa, domin ta nan ruwan goge ɗaki ke shiga ya kwanta, ɗaki ya riƙa wari ba a san daga ina ba. Wasu kan shimfiɗa kwalaye a ƙasa don laushi. Kwali abincin gara ne kuma maɓoyar kyankyaso, musamman a gidan ƙasa.

Sai wuta. Garwashi guda daga kaskon turaren wuta ya isa ya huda leda nan take, haka ma dutsen guga na gawayi. A tanadi faranti na ƙarfe ko guntun tayil a riƙa ɗora kasko a kai.

Kafet

A raba shi biyu, don ba abu ɗaya ba ne. Akwai mai rufe ɗaki daga bango zuwa bango, akwai na tsakiya da ake iya naɗewa a fitar.

Mai rufe ɗaki duka yana da kyau ranar jere, yana da ɗumi da sanyin Disamba, yana kuma rage ƙarar motsi. Amma a ƙasar da ake shan ƙurar hunturu wata uku zuwa huɗu a shekara, tsintsiya sama kawai take sharewa, ƙurar na can cikin gashin. Gidan da ba shi da na'urar zuƙe ƙura, ko ba shi da tsayayyar wuta da za a kunna ta, zai wayi gari da kafet ɗin da ko an taka sai ƙura ta tashi. Mai asma ko yawan mura ya nisance shi. Idan da jariri a gidan, fitsari na ratsawa har soson da ke ƙasa, kuma ba a iya ɗaga shi a wanke a shanya, ga kuma batun tsarkin wurin salla. Ɗakin da ya dace da shi shi ne wanda ba a yawan shiga, mai tagogi masu rufuwa da kyau, kamar falon baƙi ko turakar maigida.

Na tsakiya ya fi dacewa da yawancin gidaje. Ana samun mai ƙafa 5 da 7, da mai ƙafa 6 da 9, da manyansu. A ɗaki mai ƙafa 12 da 12, mai 6 da 9 yana cika tsakiya ya bar hanya a gefe. Da yawa daga cikin na kasuwa daga Turkiyya ake shigo da su, inda birnin Gaziantep ya shahara da masaƙun kafet na inji, wasu kuma daga Sin. Sunan ƙasa dai ba ya tabbatar da inganci, hannu ne ke tabbatarwa. A lanƙwasa kafet ɗin ta baya yadda gashin zai buɗe: in ana hango zaren gindi a fili, saƙar ba ta da cika, zai kwanta ya yi sanƙo da wuri. A ja gashin da yatsu biyu a ga ko yana fitowa. A jiƙa farin hankici a goga a kan jan launi ko shuɗi, a duba ko yana zuba. A juya bayansa a duba ɗinkin baki, don daga nan yake fara warwarewa. Mai dogon gashi yana da daɗin takawa amma yana riƙe ƙwayar shinkafa da yashi. Gidan da ake cin abinci a ƙasa gajeren gashi ya fi masa.

Kafet na gwanjo wani lokaci ya fi sabo ingancin saƙa. Haɗarinsa kuɗin cizo ne. Kada ya shiga ɗaki sai an wanke shi, an shanya shi a rana mai zafi ya bushe ciki da baya, an kuma duba ɗinkin gefensa.

Tayil

Shi ne mai tsada a farko, shi ne kuma wanda in an yi shi daidai ba a sake magana shekaru da yawa. Na mai gida ne. Ɗan haya da ya sa tayil ya yi wa mai gidan kyauta, sai dai in sun yi yarjejeniya a rubuce cewa za a cire kuɗin daga haya.

Ana yin tayil a Najeriya, misali a Ajaokuta ta jihar Kogi, ana kuma shigo da na Sin da Indiya da Sifaniya da Italiya. A Kano kasuwar Ƙofar Ruwa ce wurin kayan gini, a Abuja kuma Dei-Dei. Bambancin da ya fi ƙasar asali muhimmanci shi ne tsakanin mai shan ruwa da wanda ba ya sha. A juya tayil a ɗiga ruwa a bayansa: in ya shanye da sauri, mai laushi ne, ya fi araha da sauƙin yanka, ya isa ɗakin kwana. In ruwan ya tsaya, mai tauri ne, shi ya dace da falo da baranda da inda ake jan kujeru. Mai shan ruwa ana jiƙa shi kafin a ɗora a kan kwaɓin siminti, in ba haka ba ya tsotse ruwan kwaɓin ya hana shi kamawa. Mai taurin kuwa siminti zalla ba ya riƙe shi sosai, yana son gam ɗin tayil. A yi wannan magana da mai aikin kafin a biya kuɗin kaya.

Lissafin ɗaki mai ƙafa 12 da 12 shi ne murabba'in mita 13 da ɗan ɗori. Tayil mai santimita 60 da 60 zai ci guda 38. Da ƙarin kashi goma cikin ɗari na yanka da fashewa ya zama 42, wato kwali 11 idan huɗu ne a kwali. Mai 40 da 40 zai ci guda 84, da ƙari 93. Wannan ban da na gindin bango. A karanta adadin da ke jikin kwalin, a kuma tabbatar lambar launi ɗaya ce a duk kwalayen. Abin da ya rage a ajiye, don bayan shekara biyu da wuya a sami irinsa in ɗaya ya fashe.

A haɗa tayil biyu fuska da fuska a duba gefe. In akwai rata ko suna rawa, sun karkace, kuma manya sun fi yin haka. Mai sheƙi sosai kada a kai shi banɗaki ko wurin alwala, santsinsa in ya jiƙe yana karya tsofaffi. A nemi mai ɗan kaushi.

Matsalolin tayil guda biyu duk daga aiki suke. Na farko shi ne holoƙo a ƙasa, idan mai aiki ya ɗiga kwaɓi a kusurwa huɗu da tsakiya maimakon ya baje shi ko'ina. Bayan ya bushe a bi da maƙulli ana ƙwanƙwasawa. Duk wanda ya yi ƙarar ganga zai fashe ranar da ƙafar gado ta hau shi, don haka a sa a cire tun kafin a biya cikon kuɗin aiki. Na biyu shi ne mannewa ba rata. Zafin Afrilu na sa tayil ya ɗan buɗa, in babu wurin motsi sai layi guda ya tashi sama da ƙara. A bar milimita 2 zuwa 3 tsakaninsu, da ɗan fili a jikin bango, a cike da farin siminti ko garin cike tsaga. A kuma tuna tayil da kwaɓinsa na ɗaga ƙasa da 'yan santimitoci, ƙofar ƙarfe na iya ƙin buɗewa. Kuɗin tayil kuma ba na kwali kaɗai ba ne: a haɗa siminti, yashi, gam, dako da ladan mai aiki kafin a kwatanta shi da leda.

Tabarma

Ana raina ta, amma ita kaɗai ce ba ta damu da danshi ba, tunda ana ɗaga ta a shanya. Ɗakin da ya faɗi gwajin danshin nan na farko, ko mai daɓen ƙasa da makuba, tabarma ce tasa har sai an gyara shi.

Ta kaba, wadda ake saƙawa da ganyen goruba, ba ta ɗaukar zafi, shi ya sa kwana a kanta a tsakar gida da bazara ya fi na roba daɗi. Ana samunta a kasuwar Kurmi ta Kano, wadda ke ci tun ƙarni na 15 zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, amma a kasuwannin ƙauye masu ci mako-mako ta fi araha, kuma sau da yawa daga hannun masaƙin za a saya. A jihar Maraɗi ta Nijar, yankin Gulbin Kaba ya yi suna da goruba da sana'ar kaba. Saƙar dogayen falle ce ake haɗawa, don haka a ɗaga tabarmar a kalli rana ta cikinta: inda haske ke ratsowa da yawa saƙar ta yi sako-sako. A duba wuraren haɗi da ɗinkin baki. Da hunturu kaba na bushewa ta riƙa karyewa, sai a ɗan yayyafa mata ruwa a bar ta a inuwa. Da damina kuma kada a naɗe ta da laima, za ta yi funfuna. Naɗe ta ake yi, ba a ninkewa.

Ta roba, wadda masana'antun Kano ke yi da yawa, tana wankuwa da ruwa da sabulu, ita ce ta gidan yara da taron suna. Rana ce maƙiyiyarta: in ana barinta a waje kullum sai ta ƙeƙashe ta fara zubar da gari. Tsakanin guda biyu masu girma ɗaya, a ɗauki mai nauyi. Zaren gefe in ya fara sakewa, a ɗan narkar da bakinsa da ashana ya tsaya.

A aikace ba dole ba ne a tsaya kan abu ɗaya. Mai gidan kansa tayil da kafet na tsakiya ya fi masa, a naɗe kafet ɗin da bazara a more sanyin tayil, a mayar da shi in sanyi ya shigo. Ɗan haya mai busasshen ɗaki ya sayi leda mai kauri kada ya sa mata gam sai a wurin haɗi da bakin ƙofa, domin ranar tashi ya naɗe abarsa. Masu yi wa amarya jere kuwa su je da tef su auna ɗakin da kansu, tsawo da faɗi a wuri biyu-biyu, har da faɗin ƙofa, kada su dogara da abin da dangin ango suka faɗa ta waya.