Day One: manhajar da ta haɗa ni da rubutuna na shekara 3 baya

Daren jiya sanyi ya kora kowa gida, titin da ke ƙasan tagata wanda ko sha ɗayan dare ba ka rasa jin hon ɗin mota ya yi tsit, sai fitilun kan hanya kawai. Ina ƙudundune cikin bargo waya ta yi ƙara, ashe Day One ce ke tuna min akwai abin da na rubuta a rana irin ta yau shekara 3 da suka wuce.

Ga wanda bai santa ba, manhaja ce ta ajiye abin da ke ranka kullum, kamar littafin sirri amma a waya. A 2011 ta fito a iPhone da Mac, daga baya ta zo Android, a 2021 kuma kamfanin Automattic masu WordPress.com suka saye ta. Da kanta take maƙala wa rubutunka lokaci da wurin da kake da yanayin gari, kana iya sa hoto, kana iya kulle ta da lambar sirri ko yatsa, kuma rubutun a rufe yake tafiya ta yadda kai kaɗai ke da mabuɗin. Wannan na ƙarshen shi ya sa na saki jiki da ita, don gaskiya in kana tsoron wani zai karanta ba za ka taɓa rubuta ainihin abin da ke cinka ba.

Amma abin da ya riƙe ni shi ne sashen da suke kira On This Day, wanda ke dawo maka da abin da ka rubuta a rana irin ta yau a shekarun baya. Na buɗe na jiyan, layi shida ne kacal, ƙarfe 2:14 na dare. Na rubuta cewa na kasa barci saboda wata magana da aka gaya min a wurin aiki gaban mutane, na yi shiru a lokacin sannan na dawo gida ina ta tsara amsar da ya kamata in bayar, har da cewa gobe ba zan je ba. Wallahi na karanta sau uku, tausayin mai rubutun ya kama ni sosai, don ban san haka abin ya ci ni ba. Satin da ya wuce kusan irin haka ta faru, na bari aka watse na samu mutumin mu biyu na ce masa abin da ka yi ban ji daɗinsa ba, ya ba ni haƙuri, na kwana lafiya ƙalau. Ban ma ɗauke shi a bakin komai ba sai jiya da na ga tsohon rubutun a gefensa. Yaushe na koyi wannan? Ba zan iya nuna ranar ba.

Abu ɗaya dai, sashen nan sai ka shekara kana rubutu kafin ya fara ba ka komai, to shekarar farko haƙuri za ka yi, ko layi biyu ne ka dinga sawa, ka saita mata lokacin da za ta tuna maka. Akwai ta kyauta akwai ta biya, in rubutu ne kawai damuwarka ka fara da ta kyautan.

Kafin in kwanta na rubuta na jiya, na sa hoton titin nan da babu kowa, na faɗi sunan abu ɗaya da har yanzu nake fama da shi, saurin yanke wa mutane hukunci. Baɗi warhaka za ta dawo min da shi.