Gargaɗi a kan mai cewa yana tayar da injin babur da ya sha ruwa

Jama'a, ku yi hattara da wani mai tallata kansa a Facebook da WhatsApp, wai shi gwani ne wajen tayar da injin babur da ruwa ya ci har ya cije. Sau uku na tura masa kuɗi. Sau uku! Na farko wai na kafin alƙalami, na biyu wai na fistin da ringi da yankan silinda (wato faɗaɗa raminta), na uku wai na boris ɗin karanshaf. Babur ɗin ya yi tafiyar kilomita 11 ya sake cijewa. Kilomita 11, bayan kuɗi sau uku. Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin duk suna hannuna, zan ɗora su da zarar na gama goge lambobin asusu.

Kuma kafin wani ya ce ai ni ne ban san inji ba, to na sani. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Babur ɗin tsohuwar Honda CG125 ce, ruwa ya shanye ta har saman tanki, ta kuma yi makonni a ajiye ba wanda ya cire ko fulogi. Da na kwance ƙusar ƙasa, ruwa ne zalla ya fara zuba, sannan baƙin mai da ya koma fari-fari kamar madara. Kik ba ya motsi ko kaɗan. Na san ringi sun manne da bangon silinda saboda tsatsa, na kuma san matsalar ba a nan kaɗai ta tsaya ba. Abin da ba ni da shi kayan raba cikin inji ne da wurin yankan silinda, shi ya sa na nemi mai yi.

Mutumin nan ya iya magana, wannan kam ba zan hana shi ba. Tambayarsa ta farko ita ce ta kama ni: "Yallaɓai, injin yana aiki ruwan ya shige shi, ko a kashe yake?" Wallahi tambayar masani ce. Domin in inji yana gudu ya zuƙi ruwa ta kabureta, fistin zai taso ya tarar da ruwa a samansa, ruwa kuwa ba ya matsuwa kamar iska, sai sandar fistin ta lanƙwashe. In kuwa a kashe yake, yawanci sandar lafiyarta ƙalau, tsatsa ce kawai abokiyar gaba. Duk wanda ya yi maka wannan tambayar, yaya za ka ce bai san aiki ba? Har yanzu ina maimaita ta a raina. "Yana aiki ko a kashe yake?" Daga nan na saki jiki. Daga wannan tambayar ɗaya.

Bayan kwana biyu, a'a, kwana uku ne, don sai da na tura kuɗi na biyu tukuna, sai ga bidiyo: inji na ruri, yana murɗa totur, salansa na fitar da ɗan hayaƙi, shi kuma yana cewa wai man da aka shafa wa sababbin ringi ne ke ƙonewa. Daƙiƙa 40 bidiyon. A lokacin ya kamata in tsaya in yi lissafi. Fistin da tsatsa ta riƙe na makonni ba a sakinsa da gaggawa. Ana cire fulogi, a zuba man sassauta tsatsa ta ramin, ko man dizal, ko haɗin man giyar mota mai sarrafa kanta da asiton rabi da rabi, a bar shi ya jiƙa kwanaki, wani lokaci har mako guda ko fiye, ana ƙarawa kullum. Sannan a buɗe murfin gefen magnito, a sa sifana a kan notin karanshaf, a riƙa gwada shi gaba kaɗan, baya kaɗan, ba da ƙarfi ba. Ko a sa babur a giya ta sama a riƙa girgiza tayar baya. Kik kuwa ba a taka shi sam, sai dai in ana son karya ringi ko haƙoran kik ɗin. In ya ƙi, a cire kan silinda, a ɗora guntun katako mai faɗin fistin a kai, a riƙa bugawa a hankali. To a kwana uku yaushe ya jiƙa, yaushe ya kai yanka, yaushe ya raba ciki ya sauya boris? Na san wannan duka. Amma na ji ƙarar inji sai hankalina ya kwanta.

Da ya sake cijewa na kwance shi da kaina, ga abin da na gani, kuma hotunan suna nan tafe.

Saman fistin an rubuta STD. Wato fistin ne mai girman asali, irin wanda ya zo da babur ɗin. Shi kuwa ya karɓi kuɗin yanka zuwa 0.50, wato ƙarin rabin milimita a faɗin ramin. Ramin silindar CG125 milimita 56.5 ne, in an yanka ana hawa mataki-mataki, 0.25, 0.50, 0.75, 1.00, kuma lambar tana nan a buge a saman sabon fistin. Na auna ramin, yana nan a inda kamfani ya bar shi, sai dai ƙarin cin da ya yi na tsufa. Ba a yanka komai ba. Sanfefa ya sa ya goge bangon da hannu, ramukan tsatsa suna nan kamar zanzana, daidai layin da ringi suka kwana. A saman fistin ɗin kuma ga tabon ƙarfe har guda huɗu, da alama guduma da guntun rodi ya sa ya doke shi ƙasa, ko katako bai sa ba. Ringin sama a karye yake gida biyu. Na biyun da na tura shi cikin silinda na gwada tazarar bakinsa, wadda ya kamata ta tsaya tsakanin milimita 0.15 da 0.35, sai ga shi ta wuce milimita ɗaya. Tsofaffin ringi ne ya wanke da fetur ya mayar.

To yaya aka yi ya tashi a bidiyo? Mai. Abin da na juye daga cikinsa kauri gare shi kamar man giya. Mai mai kauri yana toshe tazarar ringi na ɗan lokaci, yana kuma danne ƙarar boris muddin inji bai yi zafi ba. Daƙiƙa 40 inji bai ma fara ɗumi ba. Shi ya sa ranar da na je ɗaukar babur ɗin ya hana ni barinsa ya daɗe a kunne, wai sabon yanka ba ya son tsayuwa wuri ɗaya. Kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar, inji mai sanyaya kansa da iska ba ya son doguwar tsayuwa a kunne. Da irin wannan rabin gaskiyar yake cin mutane.

Kuɗi na uku shi ya fi yi mini ciwo. Na boris. Cikin injin ko buɗe shi bai yi ba, gaskit ɗin tsakiya tsohon ne da dattinsa, kawunan ƙusoshin ko alamar sifana babu, fentin azurfa kawai ya fesa a kai har da laka a ƙarƙashi. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya ya kuma bi duk inda ƙarfe yake tsirara, boris ɗin karanshaf da na gindin sandar fistin suna cikin waɗanda ke fara cin tsatsa. Boris da tsatsa ta huda ba ya gyaruwa da wanki, sauyawa ake yi. Nawa da na kama sandar na ja sama da ƙasa, tana motsi har da ƙara, alhali nan ko kaɗan bai kamata ta motsa ba, motsin gefe ne kawai ake yarda da ɗan kaɗan. Ragar tace mai cike take da garin tsatsa da ɓurɓushin ƙarfe. Matatar nan mai juyawa da ke bayan murfin kuloci, wadda ke tara datti, taɓo ne a ciki. Wannan ne ya toshe hanyar mai ya gama da injin a kilomita 11. Aikin da ya kamata a ce an wanke ciki, an zuba sabon mai kusan lita ɗaya, an kunna ya yi zafi, an juye, an sake har sau biyu ko uku sai man ya fito da launinsa. Tankin fetur ma da ruwa a gindinsa, kwanon kabureta duk farin gari. Faifan kuloci sun yi tsatsa sun manne, da ƙarfi ya ɓamɓare su ya mayar.

Da farko injin nan mai cetuwa ne. Fistin, ringi, yanka, boris, gaskit, shi ke nan. Yanzu karyayyen ringi ya tsaga bangon silinda, karanshaf ya ƙone ya yi shuɗi. Na biya sau uku aka ƙara lalata mini shi. Na kira, ya ce wai na yi gudu da sabon inji. Wane sabon inji? STD fa aka rubuta! Na tura masa hoton, ya karanta, ya toshe ni. Allah ya isa.

In za ku ba da irin wannan aiki: kada ku yarda da bidiyo. Ku ce a ba ku tsofaffin kayan da aka cire a hannu, ku ga lambar sabon fistin da idonku kafin a rufe kan silinda, ku ga cikin inji a rabe. A gwada matsin silinda da ma'auni a gabanku, in bai kai 100 psi (awon matsin iska) ba ku bar kuɗinku a aljihu. Ku duba man da ke ciki, ku hau babur ɗin sai ya yi zafi sosai kafin cikon kuɗi.

Hotunan fistin da na hirar suna zuwa yau da dare, har da saƙon muryar da yake rantsuwa cewa ya sauya boris.