Sunan fim ɗin katun: zanen hannu ko haruffan kwamfuta?

Masu koyon haɗa katun suna yawan tambayata: sunan fim, a zana haruffansa da hannu ne, ko a ɗauko shiryayyun haruffa na kwamfuta?

Ta fuskar kuɗi da lokaci, shiryayyun sun fi sauƙi. Shafin Google Fonts cike yake da na kyauta, har don aikin kasuwanci. Amma wanda ka tsinta a wani shafin, karanta lasisinsa tukuna. Wasu sai an biya dabam kafin a sa su a fim.

Babbar matsalarsu gare mu ita ce haruffa masu lanƙwasa: ɓ, ɗ, ƙ. Da yawa daga masu ado ba su da su, sai manhaja ta aro harafin daga wani salo ko ta bar akwati fanko a tsakiyar suna. Salon haruffa irin su Noto Sans da Andika suna da su, sai dai don karatu aka tsara su, ba su da wasa.

Zanen hannu ba ruwansa da wannan. Lanƙwasar ƙ ma tana iya zama wutsiyar kura ta riƙa kaɗawa, kuma sunan ya zama tambarin da ba mai irinsa. Wannan na fi so, gaskiya. Tsadarsa aiki ne: zane, gogewa a manhajar zane ta Inkscape, sannan in an canja suna a sake daga farko. Ado in ya yi yawa kuma, a waya ba ya karantuwa.

Mai fitar da gajerun katun kowane mako, shiryayyu sun ishe shi. Mai dogon fim ko shirin da zai daɗe, ya zana sunan, ya bar wa kwamfuta jerin sunayen ma'aikata.