Tayar da za ta kai ka ruwan zafin Alaska da hunturu

Kafin ka fitar da kuɗi, ka yanke shawarar maɓuɓɓugar da za ka. Daga birnin Fairbanks na jihar Alaska ta Amurka zuwa maɓuɓɓugar Chena kusan kilomita 97 ne, kwalta ce har ƙarshe, kuma ana share dusar ƙanƙara. Maɓuɓɓugar Manley kuwa ta kai kilomita 250 ta babbar hanyar Elliott, bayan ƙauyen Livengood sai burji da hawa da gangara, gari ya yi nisa, waya ba sabis.

Masu sayar da mota za su cika maka kunne da mai jan ƙafa huɗu. Tana taimakawa wajen tashi da hawan tudu, amma in ka taka birki a kan ƙanƙara, taya ce kaɗai ke riƙe ka. Tayar yau da kullum robarta na fara taurara da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Celsius, a Fairbanks kuma yana kaiwa 40 ƙasa da sifili. Wannan a cire ta daga lissafi.

Saura biyu. Tayar hunturu marar ƙusa, irin Blizzak ta Bridgestone, robarta mai laushi ce, ba ta da ƙara, kuma ta wadatar da mai zuwa Chena. Ka duba gefenta akwai tambarin dutse mai kawuna uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki. Mai ƙusoshi, irin Hakkapeliitta ta kamfanin Nokian na Finland, ta fi cizon ƙanƙara mai santsi, musamman inda ruwa ya malalo kan hanya ya daskare. Aibinta ƙara da cin kwalta, shi ya sa a yankin Fairbanks doka ta yarda da ita daga 16 ga Satumba zuwa 30 ga Afrilu kawai. In Manley ka nufa, ni dai ita zan ce ka saya, ko da ta fi tsada.

Sarƙar da ake ɗaura wa taya kuwa ta zaman but ɗin mota ce, don ranar da ka maƙale. Ba a gudu da ita, kuma ɗaura ta da hannu a wannan sanyi azaba ce.

Mai hayar mota ya karanta takardar yarjejeniya da kyau, domin kamfanoni da yawa sun hana hawa burji da motarsu. Ka tambaya ko an sa wa injin na'urar ɗumamawa da ake jonawa da lantarki da dare. Abin da ya rage na kuɗin kuma ka sa a na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan Adam, irin inReach ta Garmin.