Tattaki kan ƙanƙarar Mer de Glace: jagoran ya ci kuɗinsa, hotunan talla kuwa a bar su

'Yan uwana na Damagaram da ke zuwa Faransa karatu ko fatauci sun dame ni da tambaya a kan tattakin da na biya wani kamfanin jagora a garin Shamoni, gindin dutsen Mont Blanc. To ga abin da na gani.

Mer de Glace wani makeken kogin ƙanƙara ne a tsakanin duwatsun wajen. A hoton talla ƙanƙarar fara ce fat. Da muka isa a watan Agusta, ashe tsakuwa da ɓaraguzan dutse sun lulluɓe ƙasanta, toka-toka, kamar an farfasa duwatsun Birni an watsa. Sai an yi tafiya sama sosai kafin a taka ƙanƙara tsantsa. Wannan ya kamata su faɗa tun kafin a biya, don kuɗin in ka juya shi sefa sai ka yi salati.

Jirgin ƙasa mai haƙora, wanda ke aiki tun 1909, shi ya hau da mu tashar Montenvers da ke saman ƙanƙarar, mita 1913 sama da teku. Daga nan sai gangara. Lokacin da na je matakala sun haura 500, kuma a jikin dutsen an kafa alluna masu shekaru, 1990 da sauransu, kowanne na nuna inda ƙanƙarar ta taɓa kaiwa. Ka wuce allo, ka yi ta sauka, ba ka iske ta ba. An buɗe sabon keken igiya mai sauke mutane kusa da ƙanƙarar a 2024, masu ciwon gwiwa sun huta.

Jagoran dai gwani ne. Shi ya ɗaura mana ƙarafa masu tsini a ƙasan takalmi, ya ce a buɗa ƙafa kar tsinin ya kama wando, a dinga taka tafin gaba ɗaya. Ya tsayar da mu bakin wani rami da ruwan narkewa ke zurarawa ciki, shuɗi shar, ƙararsa kaɗai ta isa ta sa ka ja baya. Da azahar ta yi, bai ko yamutsa fuska ba, ya jira na yi salla. Alwalar ce dai ta kusa cire mini yatsu.

Guzurin kamfanin burodi ne da naman alade, duk da na gaya musu tun wajen rajista. Ku tafi da dabinonku da kilishi, da baƙin tabarau, don hasken yana cin ido.